Baƙin Uwa Ingila: Tambayoyi da Amsoshi kan Labaran Ƙaurar Mutanen Karibiyan

Duk lokacin da ɗalibai suka zo kan adabin bayan mulkin mallaka, da zarar an bar marubutan Afirka an tsallaka teku zuwa Karibiyan, tambayoyi iri ɗaya ne ke ta dawowa. Wasu daga masu rubuta kundin kammala digiri suke fitowa, wasu daga masu karatun nishaɗi da littafi ya faɗo hannunsu. Na tattara su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Inda wata amsa ta taɓo wata, na nuna lambarta.

1. Wane irin adabi ake nufi?

Ƙagaggun labarai ne da mutanen Jamaika da Tirinidad da Barbados da Antigwa da sauran tsibiran, har da Giyana da ke gaɓar Kudancin Amurka, suka rubuta a kan barin gida da zama a ƙasar wasu. Akasarinsu Ingila suka nufa, wasu Amurka da Kanada, na yankunan Faransa kuma Paris. Kada kalmar "bayan" da ke cikin "adabin bayan mulkin mallaka" ta ruɗe ka. Manyan littattafan farko sun fito ne tun cikin shekarun 1950, alhali Jamaika da Tirinidad sai 1962 suka sami 'yancin kai. Abin da ya shigar da su wannan layi shi ne, wanda aka mulka ne ya karɓi alƙalami yana ba da labarin mai mulkin da ƙasarsa, bayan an shafe ɗaruruwan shekaru shi ake bayar da labarinsa.

2. Me ya sa ake cewa ƙaura biyu suka yi?

Domin kakanninsu ba da son ransu suka je tsibiran ba. Cinikin bayi ta Tekun Atlantika ya kwashi mutum kimanin miliyan 12 da rabi daga Afirka, kaso mai yawa kuma gonakin rake na Karibiyan aka kai su. A cikinsu har da Musulmi masu karatu, kamar Abubakar Siddiƙu haifaffen Tumbutu, wanda ya daɗe yana bauta a Jamaika kuma ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci. Birtaniya ta soke bauta a yankunanta a 1834, aka kammala sakin bayin a 1838, Faransa kuma a 1848. Ƙaurar farko ke nan, wadda ta raba mutane da harshensu da sunayen kakanninsu.

Ta biyu ita ce da jikokin jikokinsu suka biya kuɗin jirgin ruwa daga aljihunsu, suka nufi ƙasar waɗanda suka bautar da kakannin nasu. Shi ya sa teku da jirgi ba sa rabuwa da littattafan nan. Caryl Phillips, haifaffen St Kitts da ya tashi a Leeds, ya sa wa labarinsa na 1985 suna The Final Passage, wato tsallake na ƙarshe, don ya tuna wa mai karatu wancan tsallaken da aka yi da bayi. Bahaushen da ke zangon Kumasi ko Omdurman yakan iya faɗa maka garin kakansa, Kano ne ko Katsina ko Sakkwato. Ɗan Jamaikan da ke Landan in ya waiwaya ya wuce tsibirinsa, sai ruwa. Duba amsa ta 11 kan waɗanda suka yi ƙoƙarin tsallake ruwan.

3. Mene ne Windrush da ake yawan ambata?

Empire Windrush sunan jirgin ruwa ne. Ranar 22 ga Yuni 1948 ya sauke fasinjojinsa a tashar Tilbury da ke bakin kogin Thames. Mutum 1,027 ya ɗauko, sama da 800 daga Karibiyan, da yawansu tsofaffin sojojin da suka yi wa Birtaniya yaƙin duniya na biyu. Sama da 200 da ba su da masauki aka kwantar da su a wani rami mai zurfi na ɓuyan bama-bamai a Clapham. Ofishin neman aiki da ke kusa da ramin yana Brixton, abin da ya taimaka unguwar ta zama cibiyar 'yan Jamaika. Akwai jiragen da suka riga shi zuwa, amma shi 'yan jarida suka tarba da kyamara, sai sunansa ya bi duk waɗanda suka zo daga 1948 zuwa farkon shekarun 1970.

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta tabbatar wa mutanen yankunan mallaka damar shiga Birtaniya su zauna su yi aiki, ita kuma ƙasar tana neman hannu a asibitoci da jiragen ƙasa da bas-bas. Hukumar sufurin Landan har Barbados ta je a 1956 tana ɗaukar ma'aikata. Sai a 1962 aka yi dokar da ta fara rufe ƙofar. Ka riƙe wannan da kyau: a matsayin 'yan ƙasa suka shigo. Maganar za ta dawo a amsa ta 13.

4. Da gaske ne sun ɗauki Ingila a matsayin uwa?

Da gaske ne, kuma wanda bai yarda da wannan ba ba zai ji zafin labaran ba. Makarantar mulkin mallaka ta koya wa yaro sunayen sarakunan Ingila da kogunanta da waƙoƙinta kafin ya san tarihin ƙauyensu. A littafin Lucy na Jamaica Kincaid, 'yar Antigwa, wanda ya fito a 1990, an sa yarinya tana shekara 10 ta haddace waƙa a kan wani furen ƙasar sanyi da ba ta taɓa gani ba. Sai da ta kai 19, tana aikin raino a Amurka, uwar ɗakinta ta kai ta lambu ta nuna mata furen don ta faranta mata. Abin da ya zo wa Lucy a rai shi ne ta sami lauje ta sare su duka.

Andrea Levy, wadda mahaifinta yana cikin fasinjojin Windrush, ta zana abin ta bakin Gilbert a Small Island na 2004. Gilbert ya shiga rundunar sojan sama ta Birtaniya don ya kare uwar da aka yi ta yi masa kirarinta tun yana yaro. Da ya iso sai ya tarar da tsohuwa a gajiye cikin tsumma, wadda ta dube shi ba ta ma san ko shi wane ne ba. Gani ya kori ji. Shi yana iya jero garuruwan Ingila da abin da kowanne ke ƙerawa, su kuwa mutanen garuruwan wasu na zaton Jamaika a Afirka take.

5. Da wane littafi ya kamata in fara?

Ni dai The Lonely Londoners na Sam Selvon nake miƙa wa kowa, wanda ya fito a 1956. Gajere ne, kana iya gama shi a yini biyu. Ya buɗe da Moses, ɗan Tirinidad da ya kwana biyu a Landan, cikin bas da yamma ana hazo da sanyi, zai je tashar Waterloo tarbar wani baƙo da ko saninsa bai yi ba, don kawai an haɗa shi da wasiƙa daga gida. Baƙon ya sauko daga jirgin ƙasa da 'yar kwat mara nauyi, ba rigar sanyi, ba akwati. Shi ne aka laƙaba wa Galahad. Daga nan labarin ba ya bin zare ɗaya. Daga wannan mutum sai wancan, kamar hirar zaure: mai neman ɗaki, mai neman aiki, mai neman sulen da zai jefa a mitar gas ya ji ɗumi. Wata rana yunwa ta sa Galahad ya kama tantabara a lambun Kensington ya kai ɗaki suka dafa. Kowace Lahadi da safe kuma duk su taru a ɗakin Moses da ke Bayswater, a sha taba, a yi ta maimaita labaran gida da alkawarin komawa baɗi.

Selvon yana ba da dariya sosai, kuma nan ne wasu masu karatu ke yin kuskure su ɗauka littafin raha ne. A ƙarshe Moses yana tsaye a bakin kogi da dare, yana ganin cewa ƙarƙashin duk wannan dariya babu inda rayuwarsu ta nufa, shekara goma ta wuce yana nan inda yake. A nan ne tunanin rubuta littafi ya faɗo masa. Bayan Selvon, sai ka ɗauki Small Island, wanda ya fi tsawo kuma ya ba mata da Turawan baki. Kan raunin Selvon game da mata, duba amsa ta 8.

6. Me ya sa Turancin wasu littattafan ya yi kama da buroka?

Ba kuskure ba ne, zaɓi ne. Mutanen tsibiran suna da nasu harshen da ya tsiro a gonakin rake, kalmomi akasari na Turanci, amo da gini kuwa da sawun harsunan Afirka a ciki. Kafin Selvon, an saba marubuci ya bar wannan harshe a bakin taurari kawai, shi kuma mai ba da labari ya yi Turancin makaranta, kamar malami yana nuna wa baƙi mutanen ƙauye. Selvon ya faɗa cewa da Turancin makaranta ya fara littafin ya ƙi tafiya, sai da ya mayar da shi duka bakin Tirinidad sannan ya zubo. Har akwai wurin da ya yi shafuka kusan goma yana siffanta bazarar Landan ba aya ko ɗaya. A ganina wannan ne babban abin da littafin ya ƙwato: da harshen baƙo aka siffanta babban birnin daular, mai karatu Bature kuma dole ya karkato kunne ya koya. Mawaƙi Kamau Brathwaite ɗan Barbados, wanda ya yi aikin ilimi a Ghana daga 1955 zuwa 1962, ya ƙi a kira wannan harshe karyayyen Turanci, ya kira shi harshen al'umma.

7. Yaya littattafan ke ɗaukar tambayar "ni wane ne"?

Abu biyu ne ke faruwa da mutum a lokaci guda. Na farko, ana ƙaƙaba masa suna daga waje. A gida shi malami ne ko kafinta, ɗan gidan wane, mai haske ko mai duhu. A Landan duk wannan ya rushe, sai fata. Akwai daren da Galahad ke kwance a gado bayan an ci masa mutunci, ya ɗaga hannunsa yana yi wa launin baƙin magana kamar wani mutum daban, yana ɗora masa laifin duk wahalar da yake sha, yana cewa shi bai yi wa kowa komai ba. Na sha karanta wurin nan a gaban ɗalibai, kuma kullum sai ɗakin ya yi tsit, domin mutum ne ya rabu biyu a gaban idonka.

Na biyu, yana samo wa kansa sabon suna. George Lamming ɗan Barbados, wanda ya shigo jirgi ɗaya da Selvon a 1950, ya bayyana a The Pleasures of Exile na 1960 cewa ɗan Barbados ko ɗan Tirinidad ba ya jin kansa ɗan Karibiyan sai ya haɗu da ɗan wani tsibirin a ƙasar waje. Tsibiran suna da nisa da juna, kowanne kuma Landan yake kallo maimakon maƙwabcinsa. Jirgin ruwa da ɗakin haya ne suka haɗa su, kuma haka labarinsa The Emigrants na 1954 ya nuna. Shi kansa Selvon jinin Indiyawan da aka kai Tirinidad aikin ƙwadago ne bayan soke bauta, amma baƙaƙen fata ya ba bakin littafinsa, domin a idon mai gidan haya duk ɗaya suke.

8. Ina mata a cikin labaran nan?

A littattafan farko, a gefe suke. Samarin Selvon suna maganar mata kamar kayan kasuwa, kuma bai kamata a rufe ido a kan wannan ba. Mace guda da ta tsaya da ƙafarta a littafin ita ce Tanty, dattijuwar da ta biyo iyali ba a gayyace ta ba, ta kuma matsa wa mai kantin unguwa har ya fara ba da bashi a rubuta a biya ranar Juma'a kamar yadda ake yi a gida.

Da mata suka karɓi alƙalami sai wasu ɗakunan suka buɗe. Beryl Gilroy ta zo daga Giyana da takardar malanta, aka ƙi ɗaukarta, ta yi wanke-wanke da aikatau kafin ta shiga aji, a 1969 kuma ta zama shugabar makarantar firamare a Landan. Ta ba da labarin a Black Teacher na 1976. Hortense ta Small Island irin wannan ƙofa ta buga. Ita ta ranta wa Gilbert kuɗin jirgi bisa sharaɗin ya aure ta ya aiko mata. Ta iso da farar safar hannu da Turancin da take taƙama da shi, ta tarar da ɗaki ɗaya a saman bene, nan gado nan murhu. Ranar da ta kai takardunta ofishin ilimi aka ce ba su da amfani a nan, ta miƙe da mutuncinta za ta fita, sai ta buɗe ƙofar ɗakin ajiye tsintsiya da bokiti ta shige. Gilbert da take rainawa shi ya tsaya mata a ranar, kuma daga nan auren ya fara zama aure.

9. Yaran fa?

Kashi biyu ne. Akwai waɗanda aka bari wurin kaka, iyaye suna aiko da kuɗi da kaya a ganga, sai bayan shekaru a aiko su taho wurin mutanen da ba su sani ba. The Unbelonging na Joan Riley, 1985, labarin irin wannan yarinya ne, Hyacinth, da aka ɗauko daga Jamaika tana shekara 11 zuwa gidan uba mai cutar da ita. Littafi ne mai nauyi a zuciya, ka shirya kafin ka buɗe. Sai kuma waɗanda aka haifa a can, masu Turancin Landan a baki, waɗanda duk da haka ake tambayarsu daga ina suka zo. White Teeth na Zadie Smith, 2000, nasu ne. Iyayensu sun iya haƙuri domin suna da wani gida a zuci. Su kuwa ba su da inda za su ce za su koma, shi ya sa muryarsu ta fi kaifi.

10. Ana cewa jigon littattafan shi ne tsayuwa da ƙafa. A ina ake ganin haka, alhali wahala ce cike da su?

Wanda ke jiran tauraro ya yi kuɗi ya tsere wa tsara zai sha jira. Ƙarfin da ke cikin labaran nan ƙanana ne a ido, kuma kusan kullum na taro ne. Na farko shi ne gida. Da masu gidajen haya suka liƙa takardar ba sa son baƙar fata, bankuna kuma suka hana rance, sai mutane suka koma ga adashe, wanda 'yan Jamaika ke kira pardner, 'yan Tirinidad kuma susu. Zubi ake yi duk mako, mai kwasa ya biya kafin alƙalamin gida, ya ba 'yan uwa hayar ɗakuna. The Housing Lark na Selvon, 1965, a kan abokai ne da ke ƙoƙarin haɗa kuɗin sayen gida. A Brown Girl, Brownstones na Paule Marshall, 1959, Silla 'yar Barbados da ke Brooklyn ta sayar da gonar gadon mijinta a ɓoye don ta mallaki gidan da suke haya. Marshall ba ta ɓoye abin da hakan ya ci ba: auren ya tarwatse, 'yarta Selina ta tashi tsakanin ƙaunar uba da ƙarfin uwa.

Na biyu shi ne mallakar baki, kuma wannan ya wuce cikin littafi. Shirin rediyo na BBC mai suna Caribbean Voices, wanda Una Marson 'yar Jamaika ta assasa kuma ya gudana daga 1943 zuwa 1958, yana karanta rubutun matasan marubuta yana biyansu, da wannan kuɗi da yawansu suka ci abinci a Landan. Bayan farmakin da matasan Turawa suka kai wa baƙaƙen fata a Notting Hill a 1958, Claudia Jones, wadda ta kafa jaridar West Indian Gazette, ta shirya bikin kalankuwa a zauren St Pancras cikin Janairun 1959. A 1966 John La Rose da Sarah White suka kafa New Beacon Books don kada sai abin da maɗaba'ar Turawa ta ga dama za a buga. In kana rubuta kundi a kan wannan jigo, haɗa wannan amsa da ta 6, domin gida da harshe tare suke tafiya.

11. Shin taurarin suna komawa gida? Wane gidan ma?

Kowa na maganar komawa, kaɗan ne ke komawa, wanda ya koma kuma yakan tarar da gaskiyar maganar nan ta kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Hyacinth ta rayu da mafarkin Jamaika, da ta je sai ta ga talauci da mutanen da ke kallonta a matsayin baƙuwa. Faith ta littafin Fruit of the Lemon na Levy, 1999, ta fi sa'a. Haifaffiyar Landan ce da wariya ta karya wa zuciya, iyayenta suka tura ta Jamaika, wata gwaggonta ta zaunar da ita tana warware mata zuri'arsu reshe-reshe. Ta dawo Ingila, amma ta dawo da sanin tushenta.

Masu neman Afirka kuwa, Maryse Condé 'yar Gwadalup ta fi kowa faɗa musu gaskiya, domin ta zauna a Gini da Ghana da Senegal. A Heremakhonon na 1976, Veronica ta je wata ƙasar Afirka ta Yamma neman kakanni, sai ta faɗa soyayya da wani minista a gwamnatin da ke kama ɗalibai da 'yan adawa. Ta je neman jiya, mutanen ƙasar suna fama da yau. Ya kamata mu 'yan Afirka mu karanta wannan littafi da natsuwa, don mu ga yadda muke a idon ɗan uwan da ya zo da ƙishirwa.

12. Akwai 'yan Afirka a cikin labaran? Halinsu ɗaya ne da na 'yan Karibiyan?

Akwai. Cap na cikin The Lonely Londoners ɗan Nijeriya ne da aka turo karatun lauya ya cinye kuɗin, ya koma rayuwa da bashi da daɗin baki. Bambancin yana nan a tarihi: a shekarun nan 'yan Afirka ta Yamma akasari karatu ya kai su, da niyyar komawa da digiri, 'yan Karibiyan kuwa aiki. Wani lokaci raini kan shiga tsakani ta ɓangarorin biyu. In kana son kwatantawa, ajiye Second-Class Citizen na Buchi Emecheta, 1974, kusa da Small Island. Adah ta taso daga Legas, Hortense daga Kingston, amma ƙofofin gidajen haya iri ɗaya aka rufe musu.

13. Ƙage ne ko tarihi? Kuma maganar ba ta wuce ba?

Ƙage ne, don haka kada ka kafa hujjar tarihi da Moses ko Hortense a kundinka. Amma abin da suka siffanta, takardun tarihi sun tabbatar da shi, kuma su ne suka adana abin da takarda ba ta ɗauka, kamar yadda mutum ke ji in ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ga labule ya motsa an ƙi buɗewa.

Maganar kuwa ba ta wuce ba. Dokar shige da fice ta 1971 ta ba waɗanda suka riga suka zauna izinin zama na dindindin, amma ba a ba yawancinsu wata takardar shaida ba, a 2010 kuma aka lalata katunan da ke nuna ranar saukarsu. Da gwamnati ta tsananta binciken takardu daga 2012, sai aka fara ce wa dattawan da suka shigo suna yara a kan fasfon iyayensu su kawo hujja. Wasu suka rasa aiki, wasu gida, wasu aka hana su magani. Wata mata da ta zo daga Jamaika a 1968 tana shekara 10, ta yi aiki har a ɗakin girkin majalisar dokoki, an tsare ta a 2017 ana shirin tasa ƙeyarta. Abin ya fashe a 2018, ministar cikin gida Amber Rudd ta yi murabus a watan Afrilu, gwamnati kuma ta amsa cewa aƙalla mutum 83 aka fitar daga ƙasar bisa kuskure. Andrea Levy ta ga wannan da idonta kafin rasuwarta a Fabrairun 2019. Watanni kaɗan bayan haka aka sa Small Island a dandamalin babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan.